Dachau: Garin da Sansanin Gwale-gwale Ya Ƙwace wa Suna

Duk lokacin da aka ambaci Dachau a labaran duniya, kamar yadda aka yi ta yi a shekarar 2025 da aka cika shekara 80 da 'yantar da fursunonin sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi da ke can, abin da ke zuwa a ran mai sauraro shi ne waya mai ƙaya da tarin gawarwaki. Mutane da yawa ba su san cewa Dachau sunan gari ne ba, gari mai kasuwa da makarantu da tashar jirgin ƙasa, wanda ya girmi Hitler da fiye da shekara dubu, kuma mutum kusan 48,000 ke zaune a cikinsa yau. Waɗanda suka san hakan kuwa sukan tsaya kan tambaya guda: shin mutanen garin sun san abin da ake yi wa bayin Allah a bayan katangar da ke gefen gidajensu, tsawon shekara 12? Daga wannan tambaya wasu ke fitowa, domin ana yawan yabon Jamus da cewa ta fi kowace ƙasa amsa laifinta, kamar dai nadamar ta zo mata ne washegarin da aka gama yaƙi. Tarihin wannan gari ya nuna cewa lamarin bai tafi haka ba.

Garin kafin zuwan 'yan Nazi

Dachau na jihar Bavaria ne a kudancin Jamus, a bakin kogin Amper, kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da birnin Munich. An fara ganin sunansa a rubuce a shekarar 805, cikin wata takarda da ke nuna cewa wata mace mai sarauta da ake kira Erchana ta ba cocin Freising kyautar filayenta. A 1182 garin ya koma hannun gidan Wittelsbach, zuriyar da ta mulki Bavaria har zuwa 1918, kuma su ne suka gina fada a kan tudun da ke tsakiyar garin tsakanin 1546 da 1577 don su riƙa zuwa hutun bazara. A farkon ƙarni na 19 aka rushe sassa uku daga cikin huɗu na fadar, ɗayan kuma yana nan har yau.

Abin da ya fara fito da sunan garin waje shi ne zane. A ƙarshen ƙarni na 19 masu zane suka riƙa fitowa daga Munich suna tarewa a Dachau saboda faɗin fadamar da ke kewaye da shi da irin hasken da ke sauka a kanta, har wasu irin su Adolf Hölzel da Ludwig Dill da Arthur Langhammer suka kafa salon zane da aka san garin da shi. A wannan zamani akwai masana'antar takarda da ke ciyar da gidaje da yawa, kuma layin dogo daga Munich zuwa Ingolstadt ya ratsa garin tun 1867. Gari ne na manoma da 'yan kasuwa mabiya ɗarikar Katolika, da 'yan ƙwadago a gefe.

Yadda masana'antar albarushi ta koma kurkuku

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya wa garin fasali. Gwamnatin Bavaria ta gina babbar masana'antar albarushi da harsasai a gabashinsa, ta kwaso ma'aikata dubbai daga wurare daban-daban. Da Jamus ta sha kashi, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta taƙaita mata ƙera makamai, aka rufe masana'antar, ma'aikatan kuwa da yawansu ba su da inda za su koma. Dachau ta shiga sahun garuruwan da rashin aiki ya fi yi wa katutu a Jamus a shekarun 1920, asusun garin ya ƙare wajen ciyar da marasa aiki, gine-ginen masana'antar kuma suka zama kufai. Hukumomin garin sun yi ta roƙon gwamnati ta samo wa wurin wani amfani.

A nan akwai abin da ya kamata a riƙe, domin shi ne ke rushe zaton cewa an zaɓi Dachau ne saboda garin 'yan Nazi ne. A zaɓen 5 ga Maris 1933 jam'iyyar Hitler ta samu kashi 43.9 cikin ɗari a ƙasar baki ɗaya, amma a Dachau abin da ta samu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba, saboda Katolikan garin suna da tasu jam'iyyar, 'yan ƙwadago kuma suna tare da jam'iyyar ma'aikata ta SPD da 'yan gurguzu. Abin da ya ja hankalin 'yan Nazi shi ne gine-ginen da ba kowa a ciki, da katanga, da layin dogo, da kusanci da Munich.

Hitler ya zama shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933. Bayan gobarar majalisar dokoki ta Reichstag a ƙarshen Fabrairu aka fitar da dokar ta-ɓaci da ta ba 'yan sanda ikon tsare mutum ba tare da tuhuma ko alƙali ko wa'adi ba, abin da suka sanya wa suna tsarewa don kariya. Cikin 'yan kwanaki gidajen yarin Bavaria suka cika. Ranar 20 ga Maris Heinrich Himmler, shugaban SS, rundunar tsaro ta jam'iyyar Nazi, wanda a lokacin yake riƙe da 'yan sandan Munich, ya kira 'yan jarida ya sanar da cewa za a buɗe sansani mai ɗaukar mutum 5,000 kusa da Dachau, jaridu suka buga, kuma ranar 22 ga wata aka kawo fursunonin farko. Dukkansu Jamusawa ne: 'yan gurguzu, 'yan SPD, shugabannin ƙwadago, da duk wanda ake ganin zai iya buɗe baki.

Da rundunar SS ta karɓi gadin wurin a watan Afrilu, kwana ɗaya tak aka yi kafin a fara kisa. Ranar 12 ga wata aka fitar da fursunoni huɗu Yahudawa, Rudolf Benario da Ernst Goldmann da Arthur Kahn da Erwin Kahn, aka harbe su da sunan sun yi yunƙurin gudu. Wani mai gabatar da ƙara na Munich, Josef Hartinger, bai yarda da wannan bayani ba, ya sa likita ya binciki gawarwakin waɗanda ake kashewa, ya shirya tuhumar kisan kai a kan kwamandan sansanin Hilmar Wäckerle. An danne takardun, amma an cire Wäckerle, aka kawo Theodor Eicke a watan Yuni. Eicke ne ya rubuta ƙa'idojin bulala da ɗauri da rataya waɗanda aka yaɗa zuwa sauran sansanoni bayan an naɗa shi mai kula da su duka a 1934, kuma a ƙarƙashinsa Rudolf Höss, wanda daga baya ya shugabanci Auschwitz, ya koyi aikin.

Bambancin Dachau da Auschwitz

Ana yawan haɗa wuraren nan biyu a baki ɗaya, kuma masu musun tarihi suna amfani da wannan ruɗani. Sansanonin kisan ƙare dangi irin su Treblinka da Sobibor da sashen Birkenau na Auschwitz an gina su ne a ƙasar Poland da Jamus ta mamaye, kuma yawancin waɗanda aka kai can, Yahudawa galibi, an hallaka su da iskar guba cikin sa'o'i kaɗan da saukarsu. Dachau sansanin tsarewa ne da aikin tilas, inda mutum ke mutuwa sannu a hankali ta hanyar yunwa da duka da cuta da aikin da ya fi ƙarfinsa. An gina ɗakin iskar guba a sabon gidan ƙona gawa na Dachau tsakanin 1942 da 1943, amma ba a yi kisan jama'a masu yawa a cikinsa ba. Masu ƙaryata kisan kiyashi sukan ɗauki wannan gaskiya guda su ce ai shi ke nan komai ƙarya ne, suna ɓoye cewa a 1942 an kwashi fursunoni marasa lafiya fiye da 2,500 daga Dachau aka kai su Hartheim da ke Ostiriya aka kashe su da gubar.

Daga 1933 zuwa 1945 fiye da mutum 200,000 daga ƙasashe sama da 40 suka ratsa Dachau da rassansa kimanin 140, aƙalla 41,500 kuma suka mutu. Da tafiya ta yi nisa an ƙara da Shaidun Jehobah, da 'yan ƙabilun Sinti da Roma, da 'yan luwaɗi, da mabarata da marasa matsuguni. Bayan farmakin da aka kai wa Yahudawa a faɗin Jamus a Nuwamban 1938 an kawo maza kusan 11,000 cikin 'yan kwanaki. Daga ƙarshen 1940 aka tattaro limaman coci 2,720 a nan, mafi yawansu Katolika 'yan Poland, fiye da dubu ɗaya suka mutu. A filin harbi na Hebertshausen da ke kusa, an bindige fursunonin yaƙi 'yan Tarayyar Sobiyet fiye da 4,000 a 1941 da 1942. Likita Sigmund Rascher ya riƙa tsoma mutane cikin ruwan ƙanƙara don ya auna tsawon lokacin da matuƙin jirgin da ya faɗa teku zai yi kafin ya mutu, wani likitan kuma, Claus Schilling, ya sanya wa fursunoni sama da dubu zazzaɓin cizon sauro da gangan. Cikin waɗanda aka kashe a can akwai Noor Inayat Khan, 'yar wani malamin Sufaye ɗan Indiya, wadda ta yi wa Birtaniya aikin aika saƙonnin sirri daga Faransa, aka harbe ta a watan Satumban 1944.

Me mutanen gari suka sani?

Da sojojin Amurka suka yi wa mazauna Dachau tambayoyi a 1945, amsoshin da suka fi ji su ne cewa an yaudare su, kuma ko sun sani me za su iya yi. Amsa ta biyu tana da ƙamshin gaskiya. Ta farko kuwa ba ta tsayawa idan aka jera ta da abin da ke rubuce.

Kasancewar sansanin bai taɓa zama sirri ba, domin gwamnati ce da kanta ta yi shelarsa, kuma tsoron da yake jefawa a zukata yana cikin amfaninsa. Tun a shekarun 1930 Jamusawa ke da wata 'yar addu'a mai amo da suke raɗa wa juna, wadda ma'anarta ita ce: ya Ubangiji ka sa in zama bebe, kada a kai ni Dachau. Jaridun garin sun yi maraba da buɗe sansanin a 1933 bisa fatan cewa masu gidan burodi da mahauta da magina za su samu ciniki. A watan Nuwamban wannan shekara aka ɗaga darajar Dachau daga garin kasuwa zuwa birni, a 1939 kuma aka shigar da filin sansanin, wanda da yake ƙarƙashin ƙauyen Prittlbach, cikin iyakar garin. Binciken masaniyar tarihi Sybille Steinbacher ya nuna cewa ribar da aka yi fata ba ta zo yadda aka so ba, saboda SS ta kafa nata wuraren sana'a da fursunoni ke yi mata aiki kyauta, amma hulɗa tsakanin gari da sansani ba ta yanke ba.

Fursunonin da aka sauke a tashar jirgin Dachau sukan taka kusan kilomita uku a ƙasa ta cikin unguwanni kafin su kai ƙofar sansanin. A lokacin yaƙi ana fito da ayarinsu kullum cikin riguna masu zane-zane, suna aiki a tituna da gine-gine da masana'antun garin, ciki har da masana'antar sarrafa nama ta Wülfert. Har zuwa 1941 ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na farar hula ne ke rubuta sunayen waɗanda suka mutu a ciki, wato akawun gwamnati na ganin yadda samari masu jini a jika ke mutuwa da ciwon zuciya a kan takarda. A gefen sansanin akwai babbar gonar ganyaye da kayan yaji da fursunoni suka share daga fadama tun 1938, inda ɗaruruwa suka mutu, kuma tana da shago da mutanen gari ke zuwa sayen kayan lambu da dashe. Iyalan jami'an SS suna zaune a gidajen da ke jikin sansanin, 'ya'yansu na cuɗanya da 'ya'yan gari. Ga kuma hayaƙin gidan ƙona gawa. Tafin hannu ba ya rufe rana, kuma garin da ke da mazauna 'yan dubbai ba zai rasa sanin abin da ke faruwa da mutum dubu goma ko ashirin a gefensa ba.

A ganina adalci shi ne a raba sani gida biyu. Ba kowane mazaunin Dachau ne ya san gwaje-gwajen Rascher ko abin da ake yi a Hartheim ba, amma kusan kowa ya san cewa ana azabtar da mutane kuma suna mutuwa. Haka nan tsoron gaske ne, domin wanda aka kama yana miƙa wa fursuna burodi yana iya kwana a ciki. Duk da haka an samu waɗanda suka yi. Akwai matan da ke ajiye abinci a hanyar da ayarin fursunoni ke bi, akwai kuma Josefa Mack, wata budurwa mai shirin zama sista a Freising, wadda daga 1944 ta riƙa zuwa shagon gonar kusan kowane mako da sunan sayen furanni, tana shigar da abinci da magani, tana fitar da wasiƙu. Irin waɗannan mutane ba su da yawa, amma samuwarsu ta isa ta nuna cewa ana gani, kuma akwai ɗan abin da za a iya yi. Su ma 'yan tsirarun Yahudawan da ke zaune a garin, maƙwabtansu na kallo aka kore su a Nuwamban 1938.

Makon ƙarshe

Daga ƙarshen 1944 sansanin ya cika ya batse da waɗanda aka kwaso daga wasu wurare, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya ɓarke, dubbai suka mutu cikin 'yan watanni. Gawayin ƙona gawa ya ƙare, aka koma binnewa a ramuka a tudun Leitenberg. Ranar 9 ga Afrilu 1945 aka kashe Georg Elser, kafintan da ya dasa wa Hitler bam a Munich a 1939. Ranar 26 ga wata SS ta tasa ƙeyar fursunoni kusan 7,000 a ƙasa zuwa kudu wajen tsaunuka, duk wanda ya faɗi a harbe shi, kuma mutanen ƙauyukan da aka ratsa sun gani da idonsu.

Ranar 28 ga Afrilu wasu fursunoni da suka tsere suka haɗa kai da wasu 'yan ƙwadagon garin ƙarƙashin jagorancin Georg Scherer da Walter Neff, waɗanda dukkansu sun taɓa zama a sansanin, suka kama ofishin magajin gari don su hana a mayar da Dachau fagen daga. SS ta murƙushe su cikin sa'o'i, aka kashe mutum shida. Washegari sojojin Amurka na runduna ta 42 da ta 45 suka iso, suka fara cin karo da jirgin ƙasa daga sansanin Buchenwald ɗauke da gawarwaki fiye da 2,000, sannan suka tarar da fursunoni kimanin 32,000 a ciki. Wasu sojojin sun fusata sun harbe gomman masu gadi da suka riga suka miƙa wuya, kuma wannan ma laifi ne da ke cikin tarihin ranar. Fiye da mutum 2,000 suka ƙara mutuwa a watan Mayu saboda jikinsu ya riga ya lalace. Amurkawa suka tilasta wa mutanen gari su shiga su kalli gawarwakin, suka sa manoma su ɗauke su a buɗaɗɗun kekunan doki ta tsakiyar gari zuwa Leitenberg, inda a yau mutum sama da 7,000 ke binne.

Shekara ashirin ana neman a manta

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi jahilta. A shari'ar farko da Amurka ta yi a cikin sansanin a ƙarshen 1945 an gurfanar da mutum 40, aka yanke wa 36 hukuncin kisa, aka rataye 28 a gidan yarin Landsberg. Amma da wurin ya dawo hannun Jamusawa, tunanin farko bai kasance na tunawa da mamata ba. A Janairun 1948 majalisar dokokin Bavaria ta amince da ƙudurin a mayar da shi sansanin horar da waɗanda ta kira marasa son aiki, wato ɗaya daga cikin rukunonin da 'yan Nazi suka tsare a can. Ba a aiwatar ba, saboda an fi buƙatar wurin don Jamusawan da aka koro daga gabashin Turai. Aka gyara dogayen ɗakunan fursunoni suka zama gidaje, aka buɗe makaranta da shaguna da gidan cin abinci, mutum kusan 2,000 suka zauna a ciki har zuwa shekarun 1960.

A 1949 masu haƙar ƙasa suka tono ƙasusuwa a Leitenberg, duniya ta ga cewa an yi watsi da kaburburan, abin ya zama abin kunya har a majalisar Faransa. A 1953 hukumomin Bavaria suka kwashe ɗan baje kolin hotuna da tsofaffin fursunoni suka kafa a gidan ƙona gawa. A 1955 shugaban gundumar Dachau, Heinrich Junker, ya gabatar da buƙatar a rufe gidan ƙona gawar a rushe shi, sai da tsofaffin fursunoni daga ƙasashen Turai suka yi ca sannan ya janye, kuma hakan bai hana shi zama ministan cikin gida na Bavaria daga baya ba. Hans Zauner, wanda ya riƙe muƙami a garin zamanin Nazi, shi mutanen Dachau suka zaɓa magajin gari daga 1952 zuwa 1960, kuma ya taɓa gaya wa wani ɗan jaridar Birtaniya cewa a tuna da yawa daga cikin fursunonin masu laifi ne. Masanin tarihi Harold Marcuse ya taƙaita labarin da garin ya riƙa ba kansa a waɗannan shekaru cikin da'awa uku: mu ma an zalunce mu, ba mu sani ba, kuma mun yi turjiya. Boren 28 ga Afrilu, wanda tsirarun 'yan ƙwadago da fursunoni suka yi, sai ya zama rigar da kowa ke yafawa.

Waɗanda suka tsira ne suka ƙwato wurin. Ƙungiyarsu ta ƙasa da ƙasa, wadda ta samo asali daga kwamitin sirri da fursunoni suka kafa kafin 'yanci, ta matsa wa gwamnatin Bavaria lamba shekara da shekaru, Bishop Johannes Neuhäusler, wanda shi ma ya yi zaman Dachau, ya gina ɗakin ibada a filin a 1960, sannan a watan Mayun 1965 aka buɗe wurin tunawa da gidan tarihi. Ko a nan ba a gama adalci ba, domin babban abin tunawa da aka ƙaddamar a 1968 ya nuna launukan alamun da fursunonin siyasa da Yahudawa ke ɗaurawa, ya tsallake na 'yan luwaɗi da na waɗanda aka kira marasa amfani ko masu laifi. Barikin SS da ke jikin sansanin kuwa sojojin Amurka ne suka zauna a ciki har farkon shekarun 1970, daga nan 'yan sandan kwantar da tarzoma na Bavaria suka gaje shi.

Inda muhawarar take a yau

Ga talakan Dachau sunan garinsa kaya ne da bai ɗora wa kansa ba. An sha ruwaito yadda masu mota mai lamba DAH, wato ta gundumar Dachau, ke fuskantar harara ko ɓarna a ƙasashen maƙwabta, da yadda wasu mata ke zuwa Munich haihuwa don kada a rubuta Dachau a takardar ɗansu. Lorenz Reitmeier, wanda ya yi magajin gari daga 1966 zuwa 1996, ya kafe kan tallata abin da ake kira ɗaya Dachau ɗin, ta fada da masu zane, kuma hujjar masu wannan ra'ayi ita ce laifin na ƙasar Jamus ne duka, don me za a jibga shi a kan gari guda da bai ma zaɓi Hitler ba. Hujjar tana da nauyi, amma an yi amfani da ita wajen toshe abubuwan da ba su cutar da kowa ba. Sai da aka shafe fiye da shekara goma ana jayayya da 'yan siyasar garin kafin a buɗe masaukin matasa masu zuwa nazarin tarihin a 1998, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Max Mannheimer, Bayahuden da ya tsira daga Auschwitz da Dachau ya kuma ƙarar da rayuwarsa yana yi wa ɗalibai bayani har rasuwarsa a 2016. Cikin shugabannin gwamnatin Jamus, wadda ta fara ziyartar wurin tana kan mulki ita ce Angela Merkel, a watan Agustan 2013, shekara 68 bayan yaƙi.

Garin ya sauya sosai tun daga ƙarshen shekarun 1990. Yanzu yana kiran kansa wurin koyo da tunawa, yana ba da lambar yabo ga masu tsayawa kan gaskiya tun 2005, an kafa alluna a kan hanyar da fursunoni ke bi daga tasha, gundumar kuma ta ƙulla zumunci da gundumar Oświęcim, inda Auschwitz take. Kusan mutum miliyan ɗaya ke ziyartar wurin tunawar a shekara, ko da yake yawancinsu suna komawa Munich ba tare da sun hau tudun tsohon garin ba, abin da har yanzu ke yi wa 'yan kasuwa ciwo. A Nuwamban 2014 wasu suka sace ƙofar ƙarfen sansanin mai ɗauke da rubutun da ke cewa aiki na 'yantar da mutum, sai bayan shekara biyu aka gano ta kusa da Bergen a ƙasar Norway.

Matsin lambar yanzu daga wurare biyu yake zuwa. A cikin gida akwai jam'iyyar AfD mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa, wadda ta samu kashi 20.8 cikin ɗari a zaɓen Fabrairun 2025, kuma wasu jagororinta sun fito fili sun ce lokaci ya yi da za a juya wa wannan al'ada ta tunawa baya, har ɗaya daga cikinsu, Alexander Gauland, ya kwatanta zamanin Nazi da kashin tsuntsu a cikin tarihin shekara dubu. Daga waje kuma akwai masu cewa nadamar Jamus tana da zaɓe, domin sai a 2021 ta amsa cewa abin da ta yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya daga 1904 kisan ƙare dangi ne, kuma ta mayar da tarihin Yahudawa dalilin mara wa Isra'ila baya ko a lokacin da ake ragargaza Gaza. Wannan suka ce da ta cancanci a saurara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne inda fushin Gaza ke kai wasunmu ga yabon Hitler ko musun abin da ya faru, domin rajistar Dachau tana nan da sunaye da ranaku, kuma waɗanda ke cikinta ba su da hannu a abin da wata gwamnati ta yi bayan mutuwarsu.

Akwai kuma matsalar da ta fi waɗannan kusa da ƙasa. Waɗanda suka tsira sun kusa ƙarewa, 'yan kaɗan da suka halarci taron 2025 yara ne ko matasa a 1945, don haka nauyin bayani yana komawa kan takardu da gine-gine, gine-ginen kuma suna tsufa. Gonar ganyayen nan da mutanen gari ke zuwa sayayya ba ta cikin harabar wurin tunawa. Hukumar garin ta yi amfani da wasu gine-ginenta wajen saukar da marasa matsuguni da masu neman mafaka, abin da ya jawo surutu a jaridun duniya a 2015, ɗakunan gilashin da ake renon shuka a ciki sun lalace, kuma an daɗe ana jan magana tsakanin gari da jihar Bavaria kan wanda zai ɗauki nauyin gyara su.